Wasan Taubasai Ya Ci 'Ya'yan Fari

Dogon Dutsi, cikin sanyi

Zuwa ga Afra'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kin koma bakin aikinki lafiya, ke da ɗiyarki Samira da yaran lakwal ɗin da kike koyarwa. Mu nan lafiya lau, in ban da abin da kika bari a bayanki.

Kar ki yi mamakin ganin takarda. Na san ƙauyen da aka kai ki can bayan Abalak sai an hau tudu ake samun rezon waya, amma ba shi ne dalili ba. In na ji muryarki dariya zan yi, tun muna yara haka kike yi mini, ni kuwa yanzu ba na son in yi dariya. Maikano direba ya ce zai ajiye ta Abalak wurin mai kai muku kaya.

Bari in tuna miki, don na san kin manta. Ranar sunan nan na Matankari kina ɗaura mini lalle, kika riƙe damtsena, yatsanki ya ji ashanar da aka sa mini a likita don in huta da haihuwa. Da kin yi shiru da shi ke nan. Sai kika ɗaga hannuna sama kamar na kada wani a kokawa, kika ce, "Mata, ku taho ku gani! Taubashiyata ta kulle ɗaki ta jefa makulli rijiya!" Kowa ya fashe da dariya. Ni ma na yi, to me zan yi? Ke ɗiyar gwaggona, ni ɗiyar kawunki, wanda ya yi fushi da wasan taubashi shi ake yi wa dariya ta biyu. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, Gwaggo Sa'a, wadda ta haife ki ta kuma haifi mijina.

Kina kama hanya, ita ma ta kamo tata daga Ɗan Kassari bisa kabu-kabu. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna ta sha fura, ta goge baki, ta ce, "Yaro ya wuce shekara ukku ba ƙane, ina ta kai kuka wurin Allah, ashe da gangan na. Tunda cinyarki ba ta son nauyi, bari in rage miki shi. Ranar da kinka yi mishi ƙane ki taho ki ɗauki abinki." Da zanena ta ɗaure kayansa.

Kin san ɗan fari ne. Ko sunansa ba na kamawa, balle in buɗe baki gaban Gwaggo in ce a bar mini shi, a ce Sahura ba ta da kunya. Na duƙa ina wanke kwanon da na riga na wanke har ƙarar mashin ta ɓace. Ɗan'uwanki kuwa, wanda ya tsaya da ƙafarsa gaban likita ranar da aka tsaga cikina aka ciro yaron, aka ce masa in huta shekaru ya ce ya yarda, sai ya sunkuyar da kai ya ce ai gidan kakarsa ne.

Washegari na je wurin sazfam, ungozomar likita, ta cire mini ashanar. Tana ta tambayata ko na tabbata. Yanzu ɗan tabo ne kawai ya rage a wurin, kullum in ina wanka sai na gan shi na tuna ki.

Ban rubuto don ki ba ni haƙuri ba, riƙe kayanki. Na rubuto ne ki san ina sane. Wasa kika yi, ba a fushi, na ji. To ni ma na iya wasa, baiwata.

Ki shafa mini kan Samira.

Sahura

*

Daga daji, bayan Abalak

Zuwa ga Sahura, uwargijiyata mai dogon fushi,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tare da buhun sukari, duk ta ɗauki warin isansi, man motar da ta kawo ta. Ina lafiya, yarinyar ma lafiya. Maigidana Umaru yana can Diffa bakin aikinsa, ya ce in gaishe ku in na samu mai zuwa.

Na karanta da farko na yi dariya, da na sake karantawa ban yi ba. Wallahi ban san Inna ba ta sani ba. Mu nan duk matan da muke koyarwa kowa da tata a hannu, hirarta muke yi kamar hirar zane. Na ɗauka mijinki Mu'awiya ya daɗe da gaya mata. Ashe ustazun namu a masallaci kawai bakinsa ke aiki.

Amma ke ma kin cika ɗaukar zafi. Kamal ba daji aka kai shi ba, gidan kakarsa ne. Ni da ke ba a tsakar gidan nan muka sha fura muka girma ba? Me ya same mu? Inna kuwa kin san ta, wutar kara ce, yanzu ta tashi yanzu ta mutu. Ki huta abinki, ki yi ƙiba, ki sake zama amarya.

Maganar ciki kuma kar ki sa ta a rai. Wata abokiyar aikina an cire mata, wata bai zagayo sau biyu ba ta fara tofar da yawu. Abin ba ya ƙona mahaifa, zancen tsofaffi ne. Ke dai ki ɗaure ƙafar Mu'awiya ya zauna gida, don ciki ba a aiko shi daga Lome cikin kwali.

Da za ki ga yadda nake fama da tawa yarinyar da kin gode Allah. Ba mai riƙe mini ita, sai in shimfiɗa mata zane ƙarƙashin teburina a aji. Rannan ina rubutu a allo, na juyo na tarar ta cinye rabin alli, baki fari fat kamar ta sha gari. Yara suka yi ta dariya har dirakte, shugaban lakwal, ya leƙo. Har yanzu ban yaye ta ba, nan ba abin kirki da za ta ci in na cire ta daga nono.

Ki yi dariya mana, ko kaɗan. Na san kina so.

Baiwarki da ba ta jin magana,
Afra'u

*

Dogon Dutsi, bayan ƙaramar Salla

Afra'u,

Salamu alaikum. An sha ruwa lafiya, an yi Salla lafiya? Allah ya maimaita mana. Ɗan'uwanki lafiya lau, Gwaggo ma na ji lafiyarta ƙalau, tunda ta samu mai kora mata kaji.

Ban yi dariya ba. Kin ce in huta in yi ƙiba. Ke da kike kwana da ɗiyarki a hammata kina gaya mini daɗin ɗaki wayam.

Abokiyar aikinki mai sa'a ce. Ni tun da aka cire, kowane wata sai al'ada ta zo, ba ta ko makara ta bar ni in yi mafarki. In na gani sai in zauna a bayan ɗaki in yi kukana in wanke fuska in fito. Sazfam ta ce lafiyata lau, wasu sukan kai shekara, in yi haƙuri. Ta ba ni wani abu kamar carbi mai launi-launi da ɗan zoben roba, kullum in matsa shi gaba, in ya kai kan fararen ƙwayoyi to lokacin ne. Ɗan'uwanki ya gan shi rataye ya ɓata rai, wai ko na shiga ɗariƙa. Abin haushin, duk lokacin da zoben ya hau fari shi yana Gaya ko Lome yana jiran kaya. In ya dawo zoben ya wuce, sai ya kawo mini habbatus sauda da zuma ya ce in dage da addu'a.

Ba abin da ban sha ba. Kowace mata a unguwa da jiƙonta, wani ɗaci wani bauri. Wata tsohuwa maƙwabciyar Gwaggo ta aiko wai doguwa, aljanar gidanku, ce ta yi fushi don an tare mata hanya, a kai ni Lugu wurin 'yan bori a ba ta haƙuri da baƙar akuya. Nan ne ɗan'uwanki ya samu murya. Ya ce in ƙafata ta taka Lugu a bakin aurena. Na dube shi na ce ashe kana iya cewa a'a.

Ranar Salla na je Ɗan Kassari da sunan gaida Gwaggo. Yaron yana wasa ƙarƙashin amalanken jaki, da ya hango ni ya rugo ya rungume ƙafata. Mata cike da gida, ido duk a kaina. Kin san abin da na yi? Na ce, "Kai, tafi can, za ka ɓata mini zane." Ya sake ni ya tsaya yana kallona. Mata suka ce kai Sahura akwai kunya, Gwaggo ta ji daɗi. Rigar Sallar da na ɗinka masa ma ta hannun wata na ba shi.

Wannan kallon da ya yi mini, Afra'u, a kanki na rubuta shi. Ba na roƙon Allah ya sa miki ciwo, ba na so ki talauce. So nake ki ɗanɗana wannan ɗin dai, shi kansa, ki haɗiye kina murmushi kamar yadda na haɗiye. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi.

Sahura

*

Bayan Abalak, cikin bazara

Sahura,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ina zafi? Mu nan rana kamar ta sauko ƙasa, ƙarfe goma yara sun fara gyangyaɗi. Lafiyarmu lau yanzu, amma mun ga tashin hankali. Rannan na ɗaga zanen da yarinyar ke kwance a aji, sai ga baƙar kunama dab da inda kanta yake. Allah ne ya tsare. Na goya ta har aka tashi. Ke kaɗai na gaya wa, ko Umaru bai sani ba, kar Inna ta ji.

Na karanta maganar ranar Salla. Wannan karon ban samu abin dariya a ciki ba. Na zauna na dubi tawa tana barci, na ce a ce ta rugo gare ni in kore ta. Sahura, bakina ya yi ɓarna, na sani.

Ki ji abin da zan gaya miki. Maganar Kamal ki bar mini ita. Kar ki je wa Inna da ita, kar ki tura Mu'awiya, zai ƙara ɓatawa ne. In an ba mu hutun damina zan sauka Ɗan Kassari, na san inda zan ɓullo mata. In Allah ya yarda Kamal ba zai ga kaka a gidan nan ba. Ba zan ƙara komai a kai ba, don kin ce in riƙe haƙurina, to na riƙe, sai ki gani da ido.

Ki ci gaba da matsa zobenki. Ki gaya wa ustazu na ce kayan Lome ba sa ruɓewa.

Afra'u

*

Dogon Dutsi, farkon ruwa

Afra'u,

Salamu alaikum. Muna lafiya, an yi shuka.

Na gane. Daman na ji Gwaggo tana faɗa wa mutane cewa in yaron ya isa lakwal ke za ki tafi da shi, tunda ke ce mai ilimin gidan. Yanzu ga shi kin rubuta da hannunki, ba zai ga kaka a Ɗan Kassari ba, kar in yi magana, kar mijina ya yi magana. Wato ki ɗauke shi ki kai shi inda sai na kwana biyu a hanya kafin in ga fuskarsa, ya zama mai yi miki reno. A nan kusa ma da ƙyar nake ganinsa.

In ba haka kike nufi ba ki aiko mini da amsa kafin ki taso. In na ji shiru na san amsar ke nan.

Watan nan ma ba komai.

Sahura

*

Dogon Dutsi, cikin kaka

Zuwa ga Afra'u, baiwata,

Assalamu alaikum. Kin koma lafiya? Ya hanya, ya sababbin yara? Ina fatan ƙarƙashin teburinki ya samu iska yanzu. Mu nan lafiya, gero ya yi kyau bana, wake ne dai tsutsa ta taɓa.

Na jira amsarki har ruwa ya zauna, shiru. Sai labari na ji kin sauka Ɗan Kassari. Tun daga ranar da muka haɗu can kuma kika ƙi haɗa ido da ni har kika tafi, shi ya sa na ce bari in biyo ki da takarda, kar zumunci ya mutu.

Kin tuna yadda aka yi? Ni ina son in sake ji, don haka bari in faɗa. Dangi sun taru yi miki sannu da zuwa, mata sun kewaye tabarma suna tsinkar rama, Gwaggo bisa kujerarta. Ina shigowa kika taso da fara'a za ki ja ni ɗaki, wai kina da magana. Na ce bari in ga ɗiyata tukuna. Na ɗauki Samira na jinjina ta sama na ce, "Baiwata, wagga ɗiya ta ko tsintsiya? Gwaggo, ɗaga ki ji! To ai dole, ɗiyar da ka kwana ƙarƙashin tebur, alli na tuwonta, kunama ta ƙawarta!"

Dariya har da masu riƙe ciki. Ke ma kin yi, na ga haƙoranki. Gwaggo ce ta ce, "Kunama? Wace kunama?" Na ce ai wasa nake, a tambayi madan mai alli. Kika fara kame-kame. Ta karɓi yarinyar ta juya ta, ta duba wuyanta da haƙarƙarinta, ta ce, "Gobe za a yaye ta. Nan za ta zamna. Ba a kai min jika daji kunama ta cinye."

Na zuba miki ido in ga ko za ki yi magana, ke mai ilimi, ke da kika ce waɗannan al'adu na tsofaffi ne. Kika buɗe baki, kika dubi mata, kika rufe. Ɗiyar fari ce. Kika ce, "To, Inna." Kika jawo kwando kika shiga tsinkar rama, kina zuba ganyen a ƙasa kina jefa karan a kwando. Da aka kira Umaru a waya cewa ya yi Allah ya saka da alheri, daman hankalinsa bai kwanta ba. Maza duk ɗaya ne.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Ranar na ci tuwo har na nemi ƙari. An ce da aka shafa miki maɗaci a nono ta kama ta saki ta yi ta ihu, kika fita bayan gida kika daɗe. Na san wurin, na san abin da ake yi a can.

Ni har yanzu shiru, amma raina ya yi sanyi. Ɗan'uwanki ya samu ciwon ƙafa, dole ta zaunar da shi gida watan nan.

Kar ki sa abin a rai. Ba daji aka kai ta ba, gidan kakarta ne. Ki huta, ki yi ƙiba.

Uwargijiyarki,
Sahura

*

Bayan Abalak

Sahura,

Salamu alaikum. Ina lafiya. Nonon ya yi ta zuba har ya gaji ya ƙafe.

Takardunki biyu na karɓa tare. Ta farkon ruwa ta iso bayan na taso, tana ajiye wurin dirakte duk damina. Da na karanta ta na zauna ƙasa. Ni in kai Kamal daji? Ni da nake neman yadda zan yi da guda?

To ki ji abin da na so in gaya miki a ɗaki. Tun da na sauka nake bin Inna. Ina matsa mata ƙafa ina yi mata hira, har na kawo maganar haihuwarki. Na gaya mata abin da Mu'awiya ya kasa faɗa, yadda aka tsaga ki, jinin da kika zubar, da yadda likita ya ce in kika yi saurin ɗaukar wani ɗinkin zai iya buɗewa. Ba ta sani ba, Sahura. Ita an ce mata an yi aiki an samu ɗa, shi ke nan. Ta yi hawaye, ta ce ɗiyar ƙanenta ce fa. Da hannunta ta wanke kayan Kamal ta ɗaure su cikin zanenki. Ƙunshin yana bayan ƙofar ɗakinta lokacin da kika shigo. Mun shirya in za ki koma da la'asar a ɗora miki shi bisa mashin, ba sai kin roƙa ba, ba sai kin ji kunya ba.

Bayan kin tafi ta kwance ƙunshin. Ta ce yarinyar da aka yaye ba ta zama ita kaɗai cikin manya, Kamal zai ɗebe mata kewa. Ina tsaye ta mayar da rigunansa cikin kwalla.

Ni da na yi nawa ban san abin da zai biyo baya ba. Ke kin sani, kin zauna kin auna, kika ɗauki abin da na ce ke kaɗai na gaya wa. Kin ce kin ci tuwo kin nemi ƙari. Allah ya sa ya zauna.

Afra'u

*

Dogon Dutsi, sanyi ya shigo

Afra'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Na san na yi shiru. Takardarki na karanta ta sau ɗaya na tura ƙarƙashin katifa, ban iya sake buɗewa ba.

Allah ya kawo. Wata ya wuce ban ga komai ba, na ƙi yarda, wani ya sake wucewa. Sazfam ta auna ta ce ciki ne. Na fito likita, ban ma biya gida ba, na tari kabu-kabu sai Ɗan Kassari, ina ce masa ya bi a hankali.

Ban faɗa da baki ba, ba sai na faɗa ba. Ana kaɗa miya, warin daddawa ya buge ni na toshe hanci na fita. Gwaggo ta biyo ni ta dubi idona, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta shimfiɗa mini tabarmarta, ta dama mini kunu da kanta. Na zauna ina jiran ta tuna alkawarinta. Da rana ta yi sanyi na ga ba ta da niyya, na ajiye kunya na ce, "Gwaggo, yaron fa?"

Ta ce, "Ɗiyata, ban manta ba. Amma dubi can." Suna bakin rumbu su biyu. Shi ke ba Samira fura da ludayi, in wani ya karɓa sai ta rufe baki. Gwaggo ta ce ba ta barci sai ta riƙe bakin rigarsa. Rannan an tafi da shi kasuwar Matankari wuni guda, ta yi kuka har zazzaɓi ya rufe ta. Ta ce, "In na raba su yanzu yarinyar ga ba ta kai labari, mi za ni ce ma uwatta? Ta yi ƙiba, ta iya cin komi. In Afra'u ta taho ta ɗauki abinta, ke ma ki kwashi naki. Ni ma na gaji, ƙafafuna ba su bin yara biyu."

Na kira shi. Bai rugo ba. Ya zo ya durƙusa nesa kaɗan ya ce ina wuni, kamar yadda ake koya musu su gaida baƙi. Na miƙa masa biskit, ya karɓa da hannu biyu, ya juya ya kai wa Samira.

Afra'u, makullin yana hannunki. An kusa ba ku hutun ƙarshen shekara. Na yi magana da wata dattijuwa 'yar nan da ɗanta ke aiki Abalak, ta ce za ta iya bin ki ta riƙe miki Samira in kina aji, ba sauran ƙarƙashin tebur. Ban ce na yafe ba, ban kuma ce ki yafe ba, wannan mu bar shi sai mun tsufa. Ki zo ki ɗauki ɗiyarki kawai.

Ina son Kamal. Ga shi na rubuta sunan, ki nuna wa wanda kika ga dama. Ina son Kamal ya dawo ɗakina kafin ya gama mance ni.

Sahura

*

Bayan Abalak

Zuwa ga Sahura, uwargijiyata,

Wa alaikumus salam. Barka, barka. Allah ya raba lafiya, ya sa a sauka ba tare da wuƙa ba. Wannan da zuciya ɗaya na faɗa. Ki riƙa zuwa awo, ki daina hawan mashin a hanyar Ɗan Kassari, ramukanta sun yi yawa.

An ba mu hutu. Abokan aikina duk sun tafi gida, motar ta tsaya ƙofar lakwal, direba ya yi ta danna oda don ni. Na fito na ce masa ya tafi.

Ba zan zo ba sai damina. Ki gode wa dattijuwar. Kar ki ɗauka daɗi nake ji. Zanen yarinyar yana nan ƙarƙashin tebur, na kasa ɗaukewa, in ina rubutu a allo sai in juyo in duba. Abinci ba ya shiga. Amma duk lokacin da na ce bari in haɗa kaya, sai in tuno ki kina jinjina ta sama kina kallon idona, sai in zauna. Kin ce so kike in haɗiye ina murmushi. Na haɗiye, yanzu kuma mu zauna tare mu ga wadda za ta fara ƙwarewa. Wasa ne ai, taubashiya, ba a fushi.

Ga takalma na fata ƙafa biyu na ba Maikano, irin na nan. Babban na Kamal ne. Ƙaramin na Samira ne, da ka na saya. Tunda ke kina kusa, in cikin ya yi ƙwari kin samu mota ki kai musu. In bai shige ta ba, ki auna ƙafarta da zare ki aiko mini, ban san girmanta ba yanzu.

Afra'u